Tarihin masu share nakiya daga hanyar jiragen ruwa

Darasinmu na tarihi yau zai kai mu nesa, har bakin teku. Za mu yi magana a kan nakiyar ruwa da mutanen da ke share ta.

Wani zai ce: "Mu da ke zaune cikin tuddan rairayi, ina ruwanmu da teku?" Gaskiya ne, daga Gure zuwa bakin teku ya fi kilometir 1000. Da yawa daga cikinmu ba su taɓa ganin ruwan da ya fi tabki girma ba. Amma ka shiga kasuwa ka duba. Shayin da kake dafawa, daga ƙasar Sin ya fito. Buhun shinkafa, da takin zamani, da maganin asibiti, yawancinsu jirgin ruwa ne ya sauke su a Kwatano, ko Lome, ko Legas, kafin babbar mota ta ɗauko su. In hanyar jirgi ta toshe, a kasuwarmu za a ji. Abin da ya fi saurin toshe hanyar jirgi kuwa shi ne nakiya.

Mece ce nakiyar ruwa?

Ka ɗauki gora, irin wanda masunta ke hawa. Ka ɗaura masa igiya. Ɗaya bakin igiyar ka ɗaure shi a jikin babban dutse, ka jefa cikin tabki. Dutse zai nutse har ƙasa. Gora yana son tasowa, igiya tana riƙe da shi. In igiyar ta gaza zurfin ruwan kaɗan, gora zai tsaya a tsakani, bai kai ƙasa ba, bai fito sama ba. Wanda ke tafiya a kan ruwa ba ya ganinsa.

To, haka nakiya mai igiya take. Ƙwallo ce ta ƙarfe, girmanta kamar babbar randa. A cikinta akwai albarushi mai ƙarfi, sau da yawa fiye da kilo 100, sauran wurin kuma iska ce, don ta iya tasowa. Igiyarta ta waya ce. Maimakon dutse, wani nauyin ƙarfe ne ke zaune a ƙasan teku. Ana auna tsawon wayar yadda nakiyar za ta tsaya metir kaɗan ƙarƙashin ruwa, daidai inda cikin jirgi zai wuce.

A kanta akwai ƙahoni. Kowane ƙaho na dalma ne, mai saurin lanƙwasawa. A cikin ƙahon an sa ƴar kwalba mai ruwan batir. In jirgi ya bugi ƙahon, dalma ta lanƙwashe, kwalba ta fashe, ruwan ya gangara cikin wani busasshen batir. Nan take batir ya ba da wuta, albarushi ya tashi. Ba mai gadi, ba mai latsa komai. Nakiya ba ta barci, ba ta neman abinci ko albashi, kuma ba ta san jirgin soja da na alhazai ba.

Amma ku lura da abu ɗaya. Duk ƙarfinta a jikin igiyar nan yake. In an yanke igiya, dole ta taso sama, kowa ya gan ta. Aikin masu share nakiya mai igiya, tun farko har yau, ke nan: neman igiyar da ba a gani, a yanke ta.

Zamanin ƙugiya

In guga ya faɗa rijiya, me muke yi? Mukan zura ƙugiya mu yi ta lalube. Haka aka fara a teku. A shekarar 1855 Ingila da Faransa suna yaƙi da Rasha. Rashawa suka zuba nakiyoyi a tekun Baltik, kusa da tasharsu ta Kuronstat. Sojojin Ingila suka shiga ƙananan kwalekwale, suna jan ƙugiya a cikin ruwa. Suka tsamo fiye da 30. Wani babban hafsansu mai suna Simo ya sa aka hau da guda ɗaya cikin jirgi, yana jujjuya ta don ya gane yadda take aiki. Ta tashi a gabansa, ya rasa ido ɗaya.

Mu a Gure ba sai an ba mu labarin irin wannan ba. A watan Agusta na 2008, lokacin tawayen arewa, an yi bikin miƙa makamai a garin nan. Cikin kayan da aka baje har da nakiyoyin ƙasa. Ɗaya ta tashi a tsakiyar taro. An yi rashin rai, mutane da yawa suka ji rauni, har da gwamnan jihar Damagaram na lokacin. Nakiyar da aka tono, ko aka tsamo, ba ta mutu ba tukuna. Saboda haka masu aikin teku suka daina hawa da ita cikin jirgi. A cikin ruwa suke kashe ta, daga nesa.

Duniya ta gane ƙarfin wannan makami sosai a 1904, a yaƙin Rasha da Japan. A watan Afrilu babban jirgin yaƙin Rasha ya taka nakiya ya nutse, tare da shugaban rundunar, Makarof. A watan Mayu Japan ita ma ta yi asarar manyan jirage 2 a rana ɗaya. Bayan an gama yaƙi, nakiyoyin da suka tsinke suka yi ta yawo a teku, suna kashe masunta da fataken ƙasar Sin da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Don haka a 1907 ƙasashe suka taru a birnin Heg na ƙasar Holan suka yi doka. Dokar ta ce duk nakiyar da ta tsinke daga igiyarta, a ƙera ta yadda za ta mutu da kanta. Ta kuma ce bayan yaƙi, wanda ya dasa ya yi iya ƙoƙarinsa ya kwashe. Doka ce mai kyau a takarda.

Masunta sun shiga aikin

Manyan sojojin ruwan Ingila suka yi tunani. Su wa suka saba da jan abu mai nauyi a ƙarƙashin ruwa dare da rana? Masunta. Jiragensu na kamun kifi suna da injin naɗe waya, mutanensu sun san igiya kamar yadda makiyayi ya san dabbarsa. Tun kafin yaƙin duniya na farko aka fara rubuta sunayensu. Da yaƙi ya tashi a 1914, aka kira su daga garuruwan Girimsbi da Hul da Abadin, aka cire taru daga jiragensu, aka ba su waya.

Ga yadda suke yi. Jirage biyu su jera, tsakaninsu metir ɗari-ɗari. Waya guda ta haɗa su, bakinta ɗaya a wannan jirgi, ɗaya a wancan. Su tafi tare, wayar tana biye da su a baya kamar baka. Amma waya in ana janta tasowa take yi, ta wuce ta saman nakiya. Dole a danne ta. Ka taɓa riƙe faifai cikin iska mai ƙarfi? In ka kifa bakinsa, iska ta danne shi ƙasa. In ka karkata shi, ta ture shi gefe. Ruwa ma haka yake yi. Sai suka ɗaura wani allo mai nauyi a jikin wayar, a bayan kowane jirgi, bakinsa a kife. Ruwa ya danne allon, allon ya danne wayar har zurfin da ake so.

In wayar shara ta gamu da igiyar nakiya, sai ta kama ta. Daga baya aka riƙa yin wayar da kaushi kamar zarto, tana goga igiyar har ta tsinke. Nakiya ta ɓullo sama, baƙa ƙirin, ƙahoninta a miƙe. Sai a ja da baya, a ɗauki bindiga a yi ta harbi. Ko dai harsashi ya sami ƙaho ta fashe, ko ya huda cikinta ruwa ya shiga ta nutse.

A faɗe abu ne mai sauƙi. Amma ku tuna, jirgin da ke jan wayar shi ma cikin gonar nakiyar yake tafiya. Abin da ke tsare shi kawai, cikinsa bai nutse da zurfi kamar na manyan jirage ba. In ruwa ya janye, nakiya ta matso sama, wannan kariyar ma ta tafi. Kafin yaƙin ya ƙare a 1918, Ingila ta yi asarar jiragen shara fiye da 200.

Nakiya 26 a Dardanel

Bari mu daɗe kaɗan a nan, don a wannan wuri ne aka ga abin da ke faruwa in an raina aikin shara.

Dardanel wani siririn mashigin ruwa ne a ƙasar Turkiyya. Ta nan jirgi ke bi in zai je birnin Istambul daga Bahar Rum. Inda ya fi ƙunci, faɗinsa bai kai kilometir 2 ba. A farkon 1915 Ingila da Faransa suka yi niyyar kutsawa ta nan da manyan jiragen yaƙi, su kama Istambul. Turkawa suka jera nakiyoyi layi-layi a mashigin, suka kafa igwa a kan tuddai hagu da dama.

Abin ya zama kamar ƙulli. Manyan jirage ba su iya matsowa su rushe igwa sai an share nakiya. Masu shara ba su iya aiki sai an rushe igwa. Sai aka tura masuntan nan da dare, cikin ƙananan jiragensu marasa sulke. Ruwan mashigin yana gudu da ƙarfi, yana tura su baya. Injinsu ba shi da ƙarfi, ga nauyin waya, da ƙyar suke motsawa. Turkawa su haska su da manyan fitilu, su buɗe musu wuta. Dare bayan dare suna komawa ba su share abin kirki ba. Waɗansu hafsoshi suka ce tsoro ne ya hana su. A ganinmu wannan magana ba adalci a cikinta. Wanda ya aiki mutum da jaki ya kamo barewa, shi ya kamata a tambaya.

Turkawa kuwa suna kallo. Suka lura duk lokacin da manyan jirage suka gama harbi, a wani lungu guda suke juyawa, kusa da gaɓar Asiya. Daren 8 ga watan Maris, wani ƙaramin jirginsu mai suna Nusrat ya sulale cikin duhu. Ya dasa nakiya 26 a lungun nan, a layi ɗaya, ya koma abinsa.

Ran 18 ga Maris aka kawo babban hari. Da rana tsaka jiragen Faransa suka juya a inda suka saba. Wani babba mai suna Bouvet ya taka nakiya. Cikin minti 2 ko 3 ya kife, da mutum fiye da 600 a cikinsa. Kafin dare manyan jiragen Ingila 2 su ma suka taka, suka nutse. Rundunar ta janye, ba ta sake gwadawa ba.

Da hanyar ruwa ta gagara, sai aka sauke sojoji a ƙasa, a watan Afrilu. Cikin rundunar Faransa akwai baƙaƙen sojoji na Afirka ta Yamma, waɗanda ake kira ƴan Sanagal ko da wace ƙasa aka ɗebo su. Aka yi wata 8 ana gwabzawa a kan tuddai. Mutum fiye da dubu 100 suka mutu in an haɗa ɓangarorin biyu. A watan Janairu 1916 aka kwashe sauran, ba a ga Istambul ba. Aikin dare ɗaya na ƙaramin jirgi ɗaya yana cikin abin da ya jawo wannan duka.

Dabarar jirgi ɗaya

Wannan yaƙi ya koya wa masu ƙira abubuwa biyu. Na farko, kowane babban jirgi ya sami abin kare kansa. Waɗansu hafsoshin Ingila biyu, Barni da Usbon, suka ƙera wani ƙarfe mai siffar kifi, da fukafukai. Ana ɗaura biyu a goshin jirgi da waya, ɗaya dama, ɗaya hagu. In jirgi yana gudu, su buɗe gefe-gefe kamar gashin baki. Igiyar nakiya in ta zo, sai ta zame a jikin wayar, ta yi nesa da jirgi, har ta faɗa bakin almakashin da ke jikin kifin.

Na biyu shi ne wanda ya fi daɗewa ana aiki da shi. Jirage biyu masu waya guda suna da wahala. Dole su yi tafiya daidai, su juya tare, in ɗaya ya lalace aiki ya tsaya. Wajen ƙarshen yaƙin aka gwada wata dabara a kan wani jirgi mai suna Oropesa, har yau kuma da sunan nan ake kiranta. Ku bi ni sannu a hankali.

Jirgi ɗaya ne. Waya ta fita daga bayansa, doguwa, metir ɗari-ɗari. Kusa da jirgi akwai allon da ke danne ta ƙasa, irin wanda muka faɗa. A can ƙarshenta akwai allo na biyu, shi kuma a karkace aka ɗaura shi, don ruwa ya ture shi gefe. Shi ne ya maye gurbin jirgi na biyu. Don kada ya nutse har ƙasa, an rataye shi a jikin wata doguwar gangar ƙarfe mai yawo a saman ruwa, da tuta a kanta. Mai tuƙi in ya dubi tutar, ya san inda bakin wayarsa yake. A jikin wayar kuma an jera almakasai na ƙarfe. Igiyar nakiya ta zame har ta shiga bakin ɗaya. Waɗansu da kaifi suke yanka. Waɗansu suna da ɗan albarushi, in igiya ta shiga sai ya tashi, ya buga kurfi ya datse ta.

In wurin yana da faɗi, jirage da yawa ke fita tare, kamar gayya a gona. Amma ba kafaɗa da kafaɗa suke jerawa ba. Na biyu yana bayan na farko, ya ɗan koma gefe, yana tafiya cikin ruwan da wayar na farko ta riga ta share. Na uku yana bin na biyu haka nan. Kowa yana da wanda ya share masa hanya, ban da na gaba. A can baya kuma wani jirgi yana jefa alamu masu tuta, don a san iyakar inda aka share, kamar yadda ake kafa iyakar gona.

Masu dasawa su ma ba su zauna ba. Suka riƙa sa sarƙa maimakon waya a kusa da nakiyar, don almakashi ya kasa. Suka riƙa dasa waɗansu abubuwa a tsakanin nakiyoyi, ba albarushin kashe jirgi a cikinsu, aikinsu kawai su tsinke wayar mai shara. In waya ta tsinke, sai a tsaya cikin gonar nakiya a ɗaura wata.

Shara mafi girma ta zamanin an yi ta a 1919. A 1918 Amurka da Ingila sun dasa nakiya wajen dubu 70 a Tekun Arewa, daga tsibiran Sukotlan har gaɓar Norwe, don su tare jiragen Jamus masu tafiya ƙarƙashin ruwa. Nakiyoyin Amurka sabon iri ne. Kowace tana da siririyar wayar tagulla a samanta, ƙarfen jirgi in ya taɓa wayar kawai ta tashi. To, da wane jirgi za a share su? Gwajin farko da jiragen masunta 2 aka yi shi, na katako, masu tafiya da iska, bayan an rufe duk ƙarfen jikinsu da katako da kwalta. Daga ƙarshen Afrilu zuwa ƙarshen Satumba 1919, jirage wajen 80 da mutum wajen dubu 4 suna wannan aiki. Abin da suka samu bai kai rabin abin da aka dasa ba. Sauran, waɗansu sun fashe da kansu, waɗansu sun nutse, waɗansu sun tsinke sun bi ruwa.

Nakiya ta zo Legas

A yaƙin duniya na biyu abin ya matso kusa da mu. Kun san tun 1930 jirgin ƙasa ya iso Nguru, kudu da mu. Gyaɗa da fatu da ƙaro na wannan yanki ta Nguru da Kano suke bi, su gangara Legas, a loda su a jirgin ruwa. Jamusawa sun san amfanin tashoshin nan ga Ingila. A ƙarshen watan Mayu 1941 wani jirginsu mai tafiya ƙarƙashin ruwa, lambarsa U-69, ya shigo da dare. Ya zuba nakiyoyi a bakin tashar Takoradi, a Gana ta yau, ya zuba a bakin tashar Legas. Ran 4 ga watan Yuni wani jirgi mai suna Robert Hughes ya taka ɗaya a mashigar Legas. Ba jirgin yaƙi ba ne. Aikinsa yasar bakin tasha, kamar yadda ake yasar rijiya. Ya nutse, mutum 14 suka mutu.

Waɗannan nakiyoyin na Legas ba su da igiya. Sabon iri ne da Jamus ta fara zubawa a 1939. A ƙasan ruwa suke kwanciya, inda ba zurfi sosai. Ba sai jirgi ya taɓa su ba. A cikinsu akwai allura irin ta maganaɗisu, in babban ƙarfe ya wuce ta sama sai ta motsa. Daga baya aka yi masu jin ƙarar injin. Waya da almakashi ba su da amfani a nan, tun da ba abin yankewa. Sai aka koma yaudara. Jirgin katako ya ja doguwar wayar lantarki a bayansa, nakiya ta ɗauka babban jirgi ne, ta tashi a banza. Mai jin ƙara kuma a buga mata guduma cikin akwatin ƙarfe a ƙarƙashin ruwa. Amma tsohuwar mai igiya ba a bar ta ba, don ita ce ke aiki a ruwa mai zurfi, kuma ita ce mai araha.

Hanyar alhazai

Kakanninmu da suka je Makka ta ƙasa, gabas suka bi: Barno, Wadai, Darfur, har bakin Bahar Maliya a Suwakin ko Fot Sudan. Daga nan jirgin ruwa ya ƙetare da su zuwa Jidda. Wannan ruwa ma ya ga nakiya.

A arewacinsa akwai mashigin Suwez na ƙasar Masar. Yaƙin Larabawa da Isra'ila ya rufe shi a watan Yuni 1967. Jirage 15 suka maƙale a ciki shekara 8, sauran jiragen duniya suka koma zagaye Afirka duka. A 1974 aka fara share shi. Amurka ta kawo jirage masu saukar ungulu, suna jan kayan shara daga sama, inda nakiya ba ta kai musu. Ingila da Faransa suka kawo jirage da masu nutso, Rasha ta share bakin mashigin ta kudu, sojojin Masar suka kwashe na gaɓa. Sai ran 5 ga Yuni 1975 Shugaba Anwar Sadat ya sake buɗe shi.

A 1984 kuma, ana shirin aikin hajji, jirage suka fara gamuwa da fashewa a Bahar Maliya. Cikin watannin Yuli da Agusta fiye da 15 suka lalace. Hankalin Masar da Saudiyya ya tashi, don a lokacin jiragen ruwa cike suke da alhazai. Ƙasashe da dama suka aiko da masu shara, aka bincika hanyoyin Jidda da Yanbu da Suwez. Bayan makonni ana nema, Ingilishi suka sami sabuwa guda ɗaya kwance a ƙasan ruwa, ƙirar Rasha. An zargi wani jirgin kaya na Libiya, Libiya ta ce ba ita ba ce. Jirgi ɗaya ya zuba, rundunonin ƙasashe suka yi wata da watanni suna lalube.

Ga wani lissafi da zai nuna muku bambancin kuɗin. Ran 14 ga Afrilu 1988 wani jirgin yaƙin Amurka na zamani ya taka nakiyar Iran a Tekun Fasha. Mai igiya ce, mai ƙahoni, irin ƙirar da Rashawa suka fito da ita tun 1908. An ƙiyasta kuɗinta dala 1500. Gyaran jirgin ya ci kusan dala miliyan 90.

Yau an fi son farauta a kan shara. Jirgin farauta galibi ba na ƙarfe ba ne, sau da yawa da wata irin roba mai tauri ake yinsa. Yana aika ƙara cikin ruwa ya saurari amsarta, kamar yadda jemage ke gane hanya cikin duhu. In ya ji wani abu mai siffar nakiya, sai ya tsaya nesa. A saki wata ƴar na'ura mai kyamara, ba mutum a cikinta, ta je ta duba. In nakiya ce, ta ajiye mata albarushi a gefe, ko ta datse igiyarta. Maƙwabciyarmu Najeriya ta sayi irin waɗannan jirage 2 daga Italiya a 1987 da 1988, sunayensu Ohue da Barama. Farauta ta fi shara tsare rai, amma ɗaya bayan ɗaya ake yinta, kuma kowane tsohon tukunyar ƙarfe da ke ƙasan teku sai an tsaya an duba shi.

Dokar 1907 kuwa har yanzu ana taka ta. A watan Maris 2022, bayan yaƙi ya tashi tsakanin Rasha da Yukren, aka ga nakiyoyi masu ƙahoni sun tsinke suna yawo a Bahar Aswad. Ɗaya ta kai har bakin mashigin Istambul, aka tsai da jirage na ɗan lokaci, masu nutso na Turkiyya suka kashe ta. Ta wannan ruwa alkama da takin zamani masu yawa ke fitowa zuwa Afirka. A watan Janairu 2024 Turkiyya da Romaniya da Bulgeriya suka sa hannu a kan yarjejeniyar share shi tare.

A tekun Baltik, inda aka fara jan ƙugiya a 1855, kowace shekara jiragen ƙasashe da dama suna taruwa su yi makonni suna bincike. Har yanzu suna tsamo nakiyoyin 1914 da na 1941, tsatsa ta cinye igiyarsu, albarushinsu yana nan da ransa.